Abin da Aka Faɗa da Turanci

"Ba wannan ba, Yaya. Ki ɗaura wancan da kika shigo mota da shi."

Fure ta tsaya da zani a hannu. Sabon zanin Zumuntar Mata na cocinsu ne, bai taɓa ganin ruwa ba, ta kuma kwana da shi a ƙarƙashin katifa don ya miƙe. Ta dubi ƙanwarta Rachel, wadda ke gaban madubi tana gyara wuyan farar riga mai tambarin ƙungiyar agajin da take wa aiki a nan Kontagora.

"Wancan ai ya koɗe. Ba manyan mutane kika ce za su zo ba?"

"Shi ya fi dacewa. Taron manoma ne, ba ɗaurin aure ba."

Fure ta ninke sabon zanin ta mayar cikin jaka. Ita ta goyi Rachel bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta riƙa jan ta zuwa firamare a Tungan Magajiya tana kuka tana tirjewa. Amma tun da yarinyar ta yi karatu ta zama 'yar birni, duk abin da ya shafi birni Fure ba ta musu da ita.

Abin da Rachel ta gaya mata a waya ba shi da yawa. Baƙi za su zo daga Abuja ranar Asabar su ji irin asarar da manoma suka yi, wataƙila a samu iri da taki kafin damina. Fure za ta tashi ta faɗi abin da ya sami gonarsu, shi ke nan. Da farko mijinta Irmiya bai yarda ba, don tun da ta dawo daga hannun 'yan bindiga ba ya son ta yi nisa da gida. Sai da Rachel ta ce ai har asibiti za ta kai ta a duba mata ciwon baya, sannan ya bar ta.

Bara da kaka aka kwashe su a gona, ita da wasu mata, suna cikin yankan dawa. Ba a sako su ba sai bayan Kirsimeti, bayan dangi sun sayar da ɗan abin da ya rage musu. Kowa a gari ya san an ɗaure su, an dake su, sun yi tafiyar daji ba takalmi. Abin da ba wanda ya sani shi ne abin da biyu daga cikin mutanen suka riƙa yi wa Fure idan sun janye ta daga cikin sauran matan da sunan ɗebo ruwa. Mutum ɗaya ta gaya wa, a kan bencin asibiti, ranar da Rachel ta kawo ta Kontagora gwajin jini. Da Dukanci ta faɗa, yarensu na gida, tana kallon ƙafafunta. Rachel ta riƙe mata hannu ta yi kuka, ta ce da wannan magana za a binne ta.

Ɗakin taron otal ɗin ya yi wa Fure sanyi. An lulluɓe kujeru da fararen ƙyalle, an ajiye wa kowa ruwan gora da ɗan biskit. A gaba akwai dogon tebur inda baƙi suka zauna: maza masu kwat, da wata Baturiya mai furfura, da shugaban ƙungiyar su Rachel, wanda ke ta zirga-zirga yana share gumi duk da sanyin. Wani saurayi ya kafa kyamara a tsakiyar ɗakin.

Wani dattijo makiyayi daga Bobi ne ya fara. Da Hausa ya yi bayanin shanunsa da aka kora, Rachel ta riƙa juyawa da Turanci a taƙaice. Baƙi suka gyaɗa kai, wasu na duba waya. Bayansa wani manomi daga Kaboji ya yi nasa, shi ma haka.

Sai mai gabatarwa ya kira sunan Fure, ya kira sunan garinsu. Ta miƙe. Da ta isa gaba Rachel ta gyara mata abin magana, ta raɗa mata a kunne.

"Ki yi da yarenmu, Yaya. Za ki fi sakewa."

Fure ta ji daɗin haka, don Hausarta takan sarƙe in ta tsorata. Ta fara da gaisuwa. Ta ce dawarsu ta yi kyau bara, kai ya yi nauyi har kara na sunkuyawa, amma a tsaye ta lalace, tsuntsu da gara suka cinye, don ba wanda ya sake iya taka gonar. Ta dakata ta ba ƙanwarta wuri.

Rachel ta ɗauka da Turanci. Ta daɗe tana magana. Fure ta ce a ranta lalle Turanci dogon yare ne.

Ta ci gaba. Ta ce shanun huɗa biyu da suke da su an sayar don a fanso ta, yanzu da hannu mijinta zai yi huɗa, ga shi shekaru sun fara ja. Rachel ta sake ɗauka, wannan karon muryarta na rawa. Akwai wata kalma da take ta dawowa a bakinta, Fure ta kama ta don ta fi sauran fitowa: odil. Duk sanda aka faɗe ta sai ɗakin ya ƙara yin tsit. Masu duba waya suka daina dubawa, suka ɗaga wayoyin suna ɗaukar hotonta. Baturiyar ta cire tabarau ta goge ido.

Fure ta yi mamaki. Ba ta taɓa zaton mutanen Abuja suna tausayin dawa haka ba. Ta ƙarasa da roƙon a taimaka musu da iri mai saurin nuna, ta ce Allah ya mai da kowa gida lafiya. Da Rachel ta gama juyawa sai mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Shugaban ƙungiyar ya dafa kafaɗar Rachel yana murmushi.

Aka ba da hutun cin abinci. Rachel ta shige cikin baƙi, Fure ta koma kujerarta a baya ta zauna, jakarta a kan cinya. Wata dattijuwa mai tabarau da babban mayafi ta taso ta zauna kusa da ita.

"Sannu, baiwar Allah. Allah ya saka miki."

"Amin, Hajiya. Na gode."

"Sunana Hadijatu. Turanci na koyar a makarantar 'yan mata har na yi ritaya, yanzu ƙungiyar matan unguwarmu nake riƙe da ita, shi ya sa aka gayyace ni."

"To tunda Turanci kika koyar, bari in tambaye ki," in ji Fure. "Mene ne odil? Na ji yarinyar nan tana ta faɗa. Ko sunan wani irin dawa ne?"

Hajiya Hadijatu ta ɗan yi murmushi, irin na malamar da aka yi wa tambayar da take so.

"Ordeal. Wahala ke nan, amma Bature rarraba wahala yake yi gida-gida. In tsadar abinci ce, ko rashin ruwa, ko talaucin da mutum ke fama da shi yau da gobe, sai ya ce hardship. In ciwo ne na jiki ko na zuciya, ya ce suffering. Wannan kuwa da kika tambaya, mugun abu ne da aka jefa mutum ciki, ya fito da ransa da ƙyar. Asalinta ma, a zamanin da can, in sun zargi mutum sai su sa shi ya ɗauko ƙarfe daga wuta da hannu, in hannun ya warke su ce ba shi da laifi. Kamar yadda kakanninmu ke ba mutum gubar gwaska ya sha don a gane mai laifi. Ba a faɗarta a kan asarar amfanin gona."

"Ba a faɗarta a kan gona," Fure ta maimaita a hankali.

"A'a. Sai irin abin da ya same ki." Dattijuwar ta dafa mata gwiwa. "Na daɗe ina zama da mata, ban taɓa ganin wadda ta tsaya gaban maza da kyamara ta faɗi wannan ba. Kina da zuciya."

"Ta faɗi me, Hajiya?"

Hajiya Hadijatu ta dube ta ta saman tabarau. Murmushin ya tafi.

"Ke me kika ce da yarenku?"

"Dawa. Da shanun huɗa. Na roƙi iri."

Dattijuwar ta janye hannunta ta haɗa da ɗayan a kan cinya. Ta waiga wajen teburin baƙi inda Rachel ke tsaye tana sauraron Baturiyar, ta dawo da ido kan Fure.

"Inna lillahi," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ki gaya mini abin da ta faɗa. Kada ki rage."

"Baiwar Allah, ba a nan ba."

"A nan aka faɗa, Hajiya."

Hajiya Hadijatu ta matso, ta ja mayafinta ya kare su daga mutane.

"Ta ce kin ce su biyu ne. Ta ce bakin rafi suke kai ki, da sunan ɗebo ruwa. Ta faɗi gwajin jinin da aka yi miki. Ta ce har yau ko mijinki bai sani ba."

Fure ba ta motsa ba. Tana jin ƙarar cokula a kan faranti, tana jin wani yana dariya a bakin ƙofa, amma kamar daga wani gida. Ta dubi ɗakin. Kujera bayan kujera, duk wanda idonsa ya haɗu da nata sai ya sunkuyar da kai cikin ladabi. Ɗazu ta ɗauka girmamawa ce.

"Da ma kin san ta, yarinyar?" Hajiya Hadijatu ta tambaya.

"Ƙanwata ce. Nono ɗaya muka sha."

"Ba ta faɗi haka ba. Cewa ta yi a asibiti ta gamu da ke." Dattijuwar ta miƙe tana gyara mayafi. "Bari in je wajen shugabansu. Dole a goge abin da kyamarar nan ta ɗauka."

"Wayoyin fa?"

Hajiya Hadijatu ta tsaya. Ta dubi masu riƙe da waya a ɗakin, amma duk da haka ta tafi.

Fure ta fita ta ƙofar baya. Zafin rana ya dake ta, janareta na ruri a gefen bango. A nan Rachel ta same ta, riƙe da robar shinkafa da kaza, fuskarta a sake.

"Yaya, ina ta neman ki. Kin ga yadda suka miƙe? Baturiyar nan ta ce za ta kai maganar har ofishinsu na can. Ga abincinki."

Fure ba ta miƙa hannu ba. Da Dukanci ta yi magana, don ba ta son ko mai gadi ya ji.

"Mene ne odil, Rachel?"

"Wahala, Yaya. Wahala kawai."

"Wahalar gona?"

Rachel ta dubi robar da ke hannunta. Ta ajiye ta a kan tagar da ke kusa.

"Wa ya gaya miki?"

"Baƙuwa. Matar da ban taɓa gani ba ita ta gaya mini abin da na ce."

"Yaya, ki saurare ni. Ban yi miki ƙarya ba, ko kalma ɗaya ban ƙara ba."

"Ba ki ƙara ba."

"Kin ga dattijon Bobi, kin ga yadda suke danna waya yana magana. Sun gaji da labarin shanu da dawa, ko'ina shi suke ji. In taron nan ya tashi haka, ƙarshen wata za a rufe ofishinmu. Ba aikina kaɗai ba. Akwai mata da yawa da aka yi wa abin da aka yi miki, suna can ƙauyuka ba magani, ba mai duba su. Oga ya ce in har muka samu mace ɗaya da za ta faɗa, za a buɗe musu wurin kulawa. Na nema, Yaya, na bi gida-gida. Ba wadda ta yarda."

"Sai kika tuna da ni."

"Don su na yi."

"Da kin tambaye ni."

"Da na tambaye ki da kin ƙi."

"To," in ji Fure.

Rachel ta fara hawaye. Ta ce za a rufe fuskar a bidiyo, za a canja suna, ta riga ta yi magana da mai kyamara. Ta ce mutanen Tungan Magajiya ba su cika jin Turanci ba.

"Sunday yana ji," in ji Fure. Sunday ɗanta ne na fari, yana karatu a Minna, kullum waya na hannunsa. "Fasto yana ji. Matar fasto tana ji. 'Ya'yan wan mijina duk suna ji. Da sunana aka kira ni, da sunan garina."

"Ban yi tunanin wayoyin ba."

"Kin yi tunanin yare. Kin ce in yi da yarenmu don in sake." Fure ta gyara jakarta a kafaɗa. "Abu ɗaya zan tambaye ki. Me ya sa ba ki gaya musu ni yayarki ce ba?"

Rachel ta goge fuska da bayan hannu.

"In sun san 'yar'uwata ce, ba za su yarda da fassarar ba."

Fure ta gyaɗa kai. Ta bi gefen bango ta fita ta babbar ƙofa. Rachel ta biyo ta har titi tana kiran Yaya, Yaya, amma aka leƙo daga ciki aka ce baƙi na neman ta, za a koma zama. Ta tsaya a tsakani. Kafin ta yanke shawara Fure ta tare ɗan acaɓa ta ce ya kai ta tashar Rijau.

Motar ta daɗe ba ta cika ba. Da suka kama hanya, saurayin da ke kusa da Fure ya ciro waya yana kallon bidiyo, yana turawa da yatsa ɗaya bayan ɗaya: mawaƙi, ɗan siyasa, wata mata tana girki. Duk sanda ya tura sai Fure ta zaci fuskarta ce za ta fito. Ta juya ta kalli gonaki, an sassabe wasu an ƙone, ana jiran ruwa. Ta yi tunanin ta wuce gidan ƙanwar mahaifinta a Rijau ta ɓuya har maganar ta lafa. Ta yi tunanin in aka tambaye ta ta ce Rachel ce ta ƙirƙira, ai ba wanda zai iya cewa da bakinta ta faɗa. Wannan tunanin ya zauna mata na ɗan lokaci. Sai ta ga kanta a gaban Irmiya tana rantsuwa cewa ba a yi ba, ta san ba za ta iya ba.

Rana ta yi sanyi sanda ta shiga gida. Irmiya yana zaune a kan benci ƙarƙashin mangwaro, yana sa wa fartanya sabuwar ƙota. Ƙananan yaran sun tafi koyon waƙa a coci. Ya ɗago ya gan ta.

"Maman Sunday, har kin dawo? Ai na zaci sai gobe. Me likita ya ce da bayan?"

"Ban ga likita ba."

"Rachel ta kira ni ɗazu har sau nawa, da na ɗauka sai ta kashe."

Fure ta ajiye jaka a bakin ƙofa. Ba ta shiga ta sha ruwa ba. Ta jawo kujerar tsuguno ta zauna a gabansa.

"Baban Sunday, ka ajiye fartanyar. Akwai abin da ban gaya maka ba tun da na dawo daga daji."

Ya ajiye. Ta fara. Wannan karon ba ta kalli ƙafafunta ba, ƙirjinsa take kallo, inda maɓallin riga ya ɓalle. Ta faɗi rafin, ta faɗi mutanen, ta faɗi gwajin jinin da sakamakonsa mai kyau. Irmiya bai katse ta ba. Da ta gama ya daɗe yana kallon ƙasa, har kaza ta zo ta yi tsince-tsince a tsakanin ƙafafunsa ta wuce.

"Wa ya sani bayan ni?" ya tambaya.

"Duk mai jin Turanci."

Ya ɗago. Sai ta gaya masa sauran, da otal ɗin, da kyamara, da tafin. Ya miƙe ya taka zuwa bakin zaure, ya tsaya ya ba ta baya. Daga can nesa ana jin muryoyin yara a coci suna maimaita baiti ɗaya. Fure ta zauna tana jira. Ba ta san ko waje zai fita ba.

Ya juyo, ya dawo ya ɗauki fartanyar, ya duba ƙotar kamar bai taɓa ganin ta ba, ya jingine ta da bango.

"Gobe Lahadi," in ji shi. "Kada ki riga ni fita. Ki jira ni, tare za mu shiga coci."